Dalilin Tafasa Almakashi

Wata shida aka yi ana koya mini aikin ungozoma a Rabah, ba a taɓa gaya mini dalilin ko abu ɗaya da aka sa ni yi ba. Na riƙe wannan a raina har yau. Ban yafe ba, ba kuma zan ce na yafe ba don a ce tsohuwa ta yi halin girma.

Ni mutumiyar Kwargaba ce, ta ƙasar Wurno. Karɓar haihuwa a hannun uwata na gan shi, tun ina riƙe mata ƙwarya. Na yi aure, na haihu huɗu, ba ko ɗaya a raye. Ɗaya ƙyanda ta ɗauke shi yana tafiya da ƙafarsa. Sauran ukun ba su kai ranar suna ba, kuma hanya ɗaya suka bi: kwana huɗu ko biyar lafiya lau, sai jariri ya ƙi kama nono, baki ya ƙulle, baya ya sandare ya lanƙwashe. Kowane karo aka ce iska ce. Na ce to. Da maigidana ya rasu na haura arba'in, ba ɗa ba jika, sai na koma Wurno wajen wata 'yar'uwar uwata. A nan ne yaƙi da jahilci ya same ni, a shekarun ƙarshe na mulkin Turawa. Matar wani malami ta buɗe ajin mata a tsakar gidanta, na je na zauna cikin sa'o'in 'ya'yan da ban samu na raina ba, na koyi baƙaƙen boko ina jin kunyar yatsuna da suka ƙi lanƙwasuwa a kan fensir. Cikin shekara biyu na iya karanta duk takardar da ta faɗo hannuna, har ta ƙunshin gishiri.

Saboda haka da aka aiko wa hakimi ya ba da matan da za a koya wa ungozomancin asibiti, ba a sha wahalar nema ba. Ga wadda ta iya karatu, ga shi ba ta da mijin da zai hana.

Wurin koyon wani gida ne da aka kewaye a bayan garin Rabah, da dogayen ɗakuna biyu da rumfa. Mu mata shida ne, duk zawarawa, ni kaɗai na san boko. Akwai kuma maza goma da ake shiryawa su riƙe ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Mai koya mana wata Baturiya ce da ake kira Sista, doguwa, fuskarta duk ta ƙone da rana. Ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba: ba ta da ƙyuya, ba ta ƙyamar jini, na ga ta yi hawaye ranar da wata mai naƙuda ta cika a hannunmu. Amma koyarwarta kamar ta mai horon jaki take. A wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. A tafasa almakashi da zare sai yashin da ke cikin 'yar kwalbarta ya gama zuba. Kada a sa toka a cibiya, kada a gasa ta da tsingaro, kada a sa komai sai shuɗin magani. Mukan jera mu faɗa da ƙarfi, mu maimaita, mu sake maimaitawa.

Mako na farko na ɗaga hannu yadda na ga mazan na yi, na ce, "Ranki shi daɗe, don mi aka dahwa almakashi?"

Ta dube ni da Hausarta ta guntu-guntu ta ce, "Babu tambaya. Yi kawai. Aikinku hannu ne."

Da azahar ta wuce sai a raba mu. Maza su shiga ɗaki na biyu, wani tsohon malamin makaranta ya zo a kan kekensa ya koya musu abin da ba allura ba ne ba kuma bandeji ba: tarihi, labarin ƙasa, rubutun wasiƙa, da yadda jikin mutum da na dabba da na tsiro suke aiki. Waɗanda suka tsara kwas ɗin sun ce mai riƙe ɗakin magani zai zauna da hakimi da alƙali da talakawa, dole ya san duniya ya iya yi wa mutane bayani. Mu kuwa da za mu shiga har ƙuryar ɗakin mata, inda hakimi da alƙali ba su taɓa taka ƙafa ba, aka ce mu wanke zannuwan gado mu naɗe auduga mu hura wuta.

Murhun da ake tafasa kayan aiki yana gindin tagar ɗakin mazan. Na ce ni na ɗauki aikin wuta, kullum. Lokacin bazara ne, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Sauran matan suka ɗauka na zautu.

Wata 'yar Marnona mai bakin tsiya ta ce, "Yaya, hwaɗa muna gaskiya. Tsohon mai keke kika so? A kai mai goro?"

Na ce, "In shi nika so, da ƙahwata za ni kai mai, ba ni aiken mai ido guda."

Aka yi shewa, don kuwa idonta ɗaya na da hakiya, ita ma ta dara. Amma daga ranar sai suka sa mini suna Malama, ba da girmamawa ba. In sun zauna hira a rumfa na matso, sai wata ta ce a gyara zama ga mai karatu ta zo. Na daina matsowa. Tuwona nakan ɗauka in koma gindin tagar in ci, ko da ba kowa a ɗakin.

Ta tagar nan na ji cewa gulbin da nake ɗiban ruwa tun ina yarinya yana da mafari, yana kuma da inda yake zuwa, ya haɗu da wani ya haɗu da wani har teku. Na ji sunayen ƙasashen da ban san Allah ya yi su ba. Komai guntu-guntu nake samu, don wuta ba ta jira, Sista kuma takan ƙwala kira. Wata rana malamin ya kawo wani madubi mai dogon wuya, ya sa aka ɗebo ruwan tafki, ya ɗiga ɗigo ɗaya. Mazan suka yi layi suna leƙawa ɗaya bayan ɗaya. Ina ji suna salati. Wani ya rantse ya bar shan ruwa har ya mutu, aka fashe da dariya. Ina tsaye da itace a hannu, ban san abin da suka gani ba.

Wata rana kuma ya ɗauko labarin wata ƙasa mai nisa, inda masu jego ke ta mutuwa a babban asibiti, alhali waɗanda suka haihu a gida suna tashi. Ya ce wani likita ya zauna ya yi ta lura, sai ya gane 'yan'uwansa likitoci daga wajen gawa suke fitowa su taɓa masu haihuwa ba su wanke hannu ba. Ya faɗa musu, suka yi masa dariya. Daidai nan tukunya ta tafaso ta kashe mini wuta, Sista ta kira ni in kawo ruwan zafi ɗakin haihuwa. Kafin in dawo an tashi.

Na tare malamin a ƙofar gida yana gyara ƙafar wandonsa zai hau keke. Na durƙusa.

"Allah shi gafarta Malam, ina son a bar ni in zamna bakin ƙohwa. Ba ni magana, ba ni tari."

Ya dube ni. Ya ce, "Ɗiyata, na san ke ce ta taga. Ina ƙara murya don ke. Amma takardar da anka ba ni, sunan maza goma ac ciki. In na sa ki, gobe a ce tsoho ya ɓata tsari, a karɓe ajin baki ɗai. Nemi izni wurin Baturiya."

Na nema. Ta ce tsofaffin mata in an cika musu kai da yawa sai su rikice su manta wanke hannu. Ba da mugunta ta faɗa ba, har da dafa kafaɗata. Wannan dafawar ta fi zagi ci mini rai.

Aka gama kwas, aka ba ni takardar shaida da farin zane da akwatin ƙarfe mai ɗauke da almakashi biyu, zare, sabulu, tasa da kwalbar shuɗin magani. Aka tura ni Goronyo, inda ban san ko kare ba.

Ɗaki ɗaya aka ba ni a bayan ɗakin shan magani. Na share, na jera kayana, na zauna jiran a kira ni. Damina ta faɗi, gero ya fito ya yi kai, aka girbe, aka shiga dashen albasa a fadama, ba wanda ya kira ni. Ba haihuwa aka daina ba. Ina jin guɗa ta nan unguwar, ina jin ta can. Nakan yafa mayafi in je barka ba a gayyace ni ba, a miƙo mini kunun kanwa a bakin ƙofa, hira ta mutu har in tashi. Ina juya baya sai in ji ta farfaɗo. Sunana a garin shi ne ta-akwati. Duk safiyar Allah sai na hura wuta na tafasa almakashin nan na naɗe su a tsumma mai tsabta, ko za a zo. La'asar ta yi in kwance su. Gobe in sake. Akwai ranakun da in ban da gaisuwar ma'aikacin ɗakin magani da safe, ba na buɗe baki da kowa sai in zan yi salla. Har na kama kaina ina karanta wa akuyar maƙwabta rubutun da ke jikin kwalbar magani.

Garin na da ungozomarsa, wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Kada wani ya ɗauka jahila ce. Gidan malamai ta fito, ta haddace waƙoƙin wa'azi da na farilla da sunna fiye da yadda na haddace baƙaƙen boko, mata na zuwa ɗaukar karatu wurinta. Irin matan nan na san su, don kakata ma haka take. A wajensu ba a faɗin hukunci tsirara. In mace ta ce kaza ya halatta ko kaza ya haramta, sai a ce mata, daga wa kika ɗauka? Ta ce daga wance, ita kuma daga wance, ita kuma daga babanta malam wane, shi kuma a littafi kaza ya gani. In igiyar ta tsinke a tsakiya, maganar ta faɗi, ko da gaskiya ce. Da wannan aka raine ni. Ni ce kuma na tafi Rabah na ɗauko kaya ba igiya.

Gidan da ke jikin katangata na wani manomin albasa ne. 'Yarsa ta dawo gida goyon cikin fari. Yarinya ce mai son surutu, ita kaɗai ce a garin ba ta san ana guduna ba, ko ta sani ba ta damu ba. Takan leƙo ta katanga ta ce, "Gwaggo, buɗe mani akwatin in gani." In buɗe. Ta taɓa almakashin ta ce sun fi na tela ƙyalli. Ita ta matsa wa uwarta, ranar da naƙuda ta tashi da hantsi aka kira mu mu biyu, ni da Inna, don kada a ɓata wa kowa.

Haihuwar ta zo da sauƙi. Namiji ne, ya faɗo da kuka mai ƙarfi, mabiyiya ta biyo baya ba gardama. Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da askarta, wata 'yar baƙa da ta sha wasawa har ta sirance. Na sa hannu na tare.

"Inna, a yi da nawa. Na dahwa su da sahe."

Ta ɗago kai. Mata biyar ne a ɗakin, duk suka zuba mana ido.

"Kin dahwa su. Ƙarhe nama na, da za a dahwa shi?"

Aka yi 'yar dariya. Na ce, "Haka anka koya muna. Kuma kar a sa toka, kar a gasa."

"To, ɗiyata, ni ba ni ƙin gaskiya ko daga bakin wa tah hito. Hwaɗa mani dalili in bi ki yanzun ga, gaban matan ga. Daga wa kinka ɗauka?"

"Daga Baturiya."

"Ita daga wa?"

Sai na tuna labarin da na ji ta taga, na kama shi kamar mai nitsewa. Na faɗi asibitin, na faɗi gawa, na faɗi likitan da aka yi wa dariya. Ta saurara sosai, ba ta katse ni ba.

"Wace ƙasa ta?"

"Ban sani ba."

"Mi as sunan mutumin?"

"Ban ji ba."

"Mi yag gani ga hannun? Jini? Ai mu ma muna wanke jini."

"Wani abu na da ido bai gani."

"Ke kin gane shi?"

"A'a."

"To daga baya mi yah hwaru? Sun bi shi, ko shi yab bi su?"

Na ce a nan aka kira ni kawo ruwa.

Wannan karon dariyar ta cika ɗakin, har uwar yarinyar. Inna ba ta yi ba. Ta ce, "Tatsuniya ma ana kai ta ƙurunƙus. Dubi matan ga. Wagga ni nay yanke mata cibi, da wagga, da wadda ad durƙushe, duk da askag ga. Ga su nan da ɗiyansu. Kayan aro ba shi ruhe katara, ɗiyata."

Gaskiya ta faɗa: ga su nan da ransu. Me ya sa aska ɗaya za ta bar goma ta ɗauki ɗaya? Ban sani ba. Wataƙila an faɗa a ɗakin mazan ranar da nake shanya zannuwa. Uwar yarinyar ta ce, "Inna, yanke, yaro na jin sanyi." Ta yanke. Na naɗe almakashina na mayar cikin akwati, na taya su share ɗaki don kada a ce na yi fushi, na fita.

Rana ta biyar da la'asar ina tankaɗe a ƙofar ɗakina, na ji kukan yaron ta katanga ya sauya. Ba kowa zai gane ba. Wani ɗan siririn kuka ne da ke fitowa ta bakin da ya kasa buɗewa. Na ajiye rariya. Sau uku na taɓa jin shi a bakin 'ya'yana, ba na bukatar a gaya mini. Na shiga gidan na ga yaron, na kira ma'aikacin ɗakin magani, ya duba ya girgiza kai ya ce ba shi da abin ba shi. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka ce iska ce. Washegari kafin azahar ya koma. Ragon suna na ɗaure a turke yana cin harawa.

Ba zan rantse cewa askar ce ba. Ko a lokacin ban rantse ba. Abin da ya ci ni ke nan: ban iya cewa ita ce, ban iya cewa ba ita ba ce.

Da mutane suka rage na shiga wurin yarinyar. Ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta yi kuka a gaban mutane ko ta ambace shi. Tana kwance ta juya fuska ga bango, nono ya cika ya jiƙa mata zane. Na zauna a bakin gado. Can, ba ta juyo ba, ta ce a hankali, "Gwaggo, da an yi da naki, da abin nan ya tsaya?"

Na so in ce i, don in yi nasara a kan Inna. Na so in ce a'a, don ta samu barci. Na ce, "Ban sani ba, ɗiyata."

Ta ce, "To mi anka koya maki can?"

Ba da rashin kunya ta tambaya ba. So take ta ji.

Na koma ɗakina na zauna a kan tabarma. Rana ta yi sanyi sai na ji sallama. Inna ce, da sandarta. Tunda na zo garin ba wata babbar mace da ta taɓa taka ƙofata. Na shimfiɗa mata buzu ta ƙi shiga, ta zauna a dokin ƙofa.

Ta ce, "Irin wanga na sa an binne da yawa. Ban ƙidaya su, amma ina tune da uwayensu."

Na ce, "Ni uku nawa na."

Ta dube ni, karo na farko ba kamar ta-akwati ba. Ta ce, "Ashe." Sai ta dafa sanda ta miƙe. "Ni na tsuhwa, ba ni barin abin da na sani don abin da ke kanki ba ki sani ba. In akwai dalili, ba shi zowa da ƙahwa tai." Ta tafi, ba ta waiwayo ba.

Da gari ya waye ban hura wuta ba. Na yagi takarda na rubuta da hannuna cewa na tafi Rabah neman ragowar karatuna, na kai wa ma'aikacin ɗakin magani tare da makullin akwati. Ya karanta ya ce, "Gwaggo, ba a barin wurin aiki babu izni. Korarki za a yi. Kuma wa yac ce maki za su bar ki ki shiga ajin?"

Na ce, "Ba wanda yac ce. Bakin ƙohwa za ni zamna, wanda ka iya ɗaukata shi ɗauke."

Na ɗaure zane biyu da ƙullin gari na ɗora a ka. A bakin kasuwa na tarar da masu jakuna sun gama ɗaurin albasa za su Wurno, daga can in nemi masu zuwa Rabah. Babbansu ya ce tafiyar kwana biyu ce kuma ba su jiran mai gajiya. Na ce ya kora jakunansa, na bi bayansu.